Rigunan Ƙwallon Garin Langa

Tun da na dawo daga ƙasar Sin ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In zo buɗe shago a tare ni, in fito daga masallaci a tare ni, har mai shayin bakin layinmu sai da ya riƙe mini kofi ya ce ba zai saki ba sai na gaya masa ko da gaske ne da tsinke ake cin shinkafa a can. Abin da ya fi ba ni haushi, duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba. Jiya wani ya zauna a bencina yana ba ni labarina, wai an kama ni a Hong Kong da buhun daddawa. To, ba buhu ba ne, ƙulli ne, kuma ba a kama ni ba. Ku zauna ku ji daga bakin mai shi, daga nan kuma a ƙyale ni in yi ciniki.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sabi'u, sana'ata kwanuka: langa, samira, fanteka, duk abin da mace ke jerawa a ɗaki. Gadon gidanmu ne. Wanda ya ja ni tafiyar nan Alhaji Lawali ne, mutumin Maraɗi, wanda ya daɗe yana sarin kaya a wurina kafin ya gano hanyar Guangzhou ya fi ƙarfina. Shi ya zo har shago ya ce, "Sabi'u, kai dai kana nan zamne kana jiran 'yan Ikko su yanka maka farashi. Tashi mu tai inda a ka yin abin." Na ce to. Shekara guda ke nan da komawar Hong Kong hannun Sin, kowa na cewa hanya ta buɗe.

Tafiyar jirgi ba abin faɗa a ciki sai ciwon baya. Mun sauka a ƙasar Larabawa muka yi zaman jira har na haddace fuskar mai shara, sannan muka sake hawa wani. Abincin jirgi kuwa, an kawo mini wani abu a ɗan kwano mai murfin takarda, na buɗe na rufe, na ce Alhaji ya miƙo mini kilishinsa.

A Hong Kong ne maganar daddawa ta taso. Uwargida ce ta cusa mini ƙullin a cikin jaka, ta ce ba ta yarda da miyar mutanen da ba ta sani ba. Wani ɗan kare mai dogon kunne ya zo ya tsaya a kan jakata ya ƙi gaba. Jami'in ya kwance ƙullin, ya kai hanci, ya ja da baya har hularsa ta karkace. Ya tambaye ni mene ne wannan. Na ce abinci ne. Ya kira na biyu, shi ma ya shinshina, suka dubi juna, suka dube ni da tausayi, suka ɗaure mini kayana suka ce in wuce. Iyakar abin da ya faru ke nan, sauran duk ƙarin mutane ne.

Daga nan jirgin ƙasa muka hau zuwa bakin iyaka. Ni da na saba da iyakar Jibiya, inda za ka gaisa da jami'i ka tambaye shi iyali, sai na ga wata gada mai rufi da mutane ke tafiya a kai kamar an kunna musu inji, ba mai kallon wani. Na yi wa mai buga hatimi sallama da murmushi, ya ɗaga fasfo ya dube ni, ya dubi hoto, ya sake dubana, ya ce, "Najeriya? Ƙwallo!" Ya ɗaga babban yatsa. Tun da yaranmu suka ciwo zinare a Amurka, ƙwallo ce takardar shaidarmu a ko'ina.

Masaukinmu wani ɗan otal ne a unguwar Sanyuanli ta birnin Guangzhou, inda 'yan kasuwarmu ke sauka. Ɗaki tsaf, gado kamar katako, ga filas ɗin ruwan zafi a kan tebur. Ruwan zafi fa! Mutum ya kwaso rana ya dawo yana haki, a miƙo masa ruwan da zai iya fige kaza. Na roƙi na sanyi, matar da ke kula da hawanmu ta kaɗa hannu ta ce "meyo", wato babu. Wannan kalma ita na fara koya, don ita aka fi gaya mini. Buta meyo, barkono mai yaji irin namu meyo. Sai da na yanke kan robar lemo na yi buta da ita, matar kuma kullum ta shigo shara sai ta jefar, ni kuma in sake yanka wata. Haka muka yi ta yi ni da ita ba wanda ya gaji.

Abinci kuwa Allah ya rufa mana asiri da wasu Musulmin ƙasar masu farar hula, da ke da ɗan shago a bayan otal. A gabanka mutum zai ɗauki curin ƙullu ya ja, ya ninka, ya ja, kafin ka ƙifta ido ya zama taliya. Ranar farko na yi fama da tsinken nan har taliyar ta huce, wani tsoho da ke kusa ya tashi ba magana ya kawo mini cokali mai yatsu. Na ce "sheshe", wato na gode, ita ce kalmata ta biyu. Wata al'adarsu da ta burge ni, in an zuba maka shayi ba sai ka yi magana ba, ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, ka gode ke nan. Na ce da a Kano ne, mai zubawa zai zaci kana kiran wani ne ya kawo ƙari.

Mun yi kwanaki muna zaga wurin baje koli, wani gini kusa da tashar jirgin ƙasa wanda in ka shiga da safe ba ka ganin rana sai la'asar. A nan muka sami masu yin kwanuka, suka ce mu zo mu ga masana'antarsu a bayan gari. Aka ɗauke mu a ƙaramar bas, muka ratsa gonakin ayaba da tafkunan kifi da kekuna ba iyaka.

Muna cikin zagayawa, ana nuna mana inda ake buga ƙarfe ya zama kwano, sai na ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin wani tsohon inji, takalman kamar kwale-kwale. Mai ƙafafun ya turo kansa waje, sai ga Bature jibgege, gashin baki fari, hannu duk baƙin mai. Ya dubi babbar rigata ya tambaya da wani Turanci mai kama da nawa, wato a daddafe, "Daga ina?"

Na ce, "Najeriya. Kano."

Wallahi sai mutumin nan ya saki sifana ta faɗi. "Kano!" ya ce. "Kano! Kano!" Ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa har ya shafa mini baƙin mai a hannun riga, sabuwar shadda. Alhaji Lawali ya matso kusa da ni ya ce, "Mi ka yi ma Annasaran ga? Ko ka san shi?"

Ban san shi ba, amma shi ya san mu. Sunansa Marek, mutumin ƙasar Poland. Injin da yake kwance a ƙarƙashinsa daga garinsu aka kwanto shi, tare da sauran injina, bayan an rufe masana'antar kwanukan garin an sayar wa mutanen Sin. Marek ɗin aka haɗo da injinan ya zo ya kafa su ya koya wa masu su. Yana saurayi, aikinsa na farko a masana'antar shi ne buga sunan gari a jikin akwatunan da za a tura waje, kuma sunan da ya fi bugawa shi ne Kano. Ya ce shekara da shekaru yana tunanin wane irin gari ne wannan da ba ya ƙoshi da kwano. Na ce masa, "Malam Marek, ai ba cin abinci muke a ciki ba, jerawa ake a bango." Ya ce in sake faɗa. Da ya gane, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

Ashe langar da iyayenmu ke kira ta Turai, mai furen nan ja da kore wadda ba ta ɓarewa, daga hannun su Malam Marek take fitowa. Ni da na tashi a cikin kwanuka ban taɓa tambayar wa ke yin su ba.

Daga ranar ya zama namu. Otal ɗinsa ba nisa, kullum bayan la'asar sai ya zo shagon masu farar hula ya same mu. Ya nemi giya aka ce meyo, ya haƙura da shayi yana sha yana ɓata fuska kamar magani. Zancensa ɗaya ne, garinsu. Sunan garin ya faɗa mini ya fi a ƙirga, harshena ya ƙi ɗauka, baƙaƙe ne cunkus ba wurin numfashi. Muka sa masa Garin Langa, shi ma ya karɓa.

Da tsinken cin abinci da kofuna yake zana mana shi a kan tebur. Ga tudu nan, ga tudu can, garin a tsakiya cikin kwari, a kudancin ƙasar. Ga ɗan kogi da bai kai a kira shi kogi ba, wanda a da launinsa ke gaya wa mutane irin fentin da aka yi aiki da shi a ranar. Ga layin dogo, ga coci, ga dajin itatuwa masu tsini inda suke zuwa tsintar naman kaza, wannan tsiron mai kama da laima, abin da ya sa Alhaji Lawali ya ajiye cokali ya ce, "Ku ma?" Filas ɗin shayi shi ne bututun hayaƙin masana'anta, wanda ya ce daga ko'ina ka taho shi za ka fara hangowa. Lokacin sanyi tafkin bayan masana'anta yakan daskare, yara su ɗaura ƙarfe a takalmi su yi ta sulu a kai. Na ce wannan kam sai dai in ji a bakinka.

Tarihinsu kuwa ya ɗaure mini kai. Ya ce kakansa an haife shi a ƙarƙashin wani sarki, ya yi aure a ƙarƙashin wata gwamnati, ya tsufa a ƙarƙashin wata, kuma bai taɓa barin gidan da aka haife shi ba. Iyaka ce ke tashi ta tsallake su. Alhaji Lawali ya ce da ɗan Faransancinsu, "Bon, wanga mun san shi. Tsakanin Maraɗi da Katsina haka Annasara sunka yi muna." Masana'antar ma ta sha canjin hannu, daga wani attajiri zuwa gwamnati, daga gwamnati zuwa masu saye da sayarwa, amma duk wanda ya zo ya tarar da abu biyu bai taɓa su ba: jiniyar tashi daga aiki da kulob ɗin ƙwallo.

A kan kulob ɗin nan ne muryarsa ke canzawa. Garin na da masu tseren keke, da masu ɗaga ƙarfe, da tsofaffi masu tseren tattabaru, waɗanda na ce masa su kam da sun zo Kano da sun sami abokai. Amma ƙwallo ita ce uwa. Leburorin masana'anta ne suka kafa kulob ɗin tun zamanin kakansa, suka share fili a bayan bututun da hannunsu. Ba su taɓa zama wasu zakaru ba, a ƙananan rukuni suke tun fil azal. Sai dai in suka ci ƙwallo a gida, mai gadin masana'anta yakan busa jiniya, duk garin ya sani, har matan da ke wanki su fito ƙofa. Shi Malam Marek ya yi shekaru yana buga musu baya, lamba huɗu, ya nuna mana tabon gwiwarsa a tsakiyar shagon mutane.

Da aka rufe masana'anta, jiniya ta yi shiru, mai saya wa yara kayan wasa kuma ya ɓace. Sun kai ga fita fili kowa da irin rigarsa, wani ja, wani ruwan hoda, wani lambarsa da alli aka rubuta. Hukumar wasan yankinsu ta yi musu kashedi na ƙarshe: wasan da za su buga da garin maƙwabta, in ba su fito da riguna iri ɗaya masu lamba ba, za a soke sunansu daga gasar. Kulob ɗin da aka soke a irin wannan gari kuwa ba ya dawowa. Shi ne tsofaffin 'yan wasa suka yi karo-karo suka ɗora wa Malam Marek, tunda zai je ƙasar da ake ɗinka komai, ya taho musu da jesi. Aikin inji ya cinye masa lokaci, ga tafiyarsa ta matso, bai san ko ƙofar kasuwa ba.

Alhaji Lawali ya bugi ƙirji ya ce, "Wanga aikinmu ne. Gobe mu tai."

Kafin mu shiga kasuwar tufafin, Alhaji ya tsayar da mu ya yi mana karatu. Ya ce a nan in ka ba da samfur, kalmar ita ce "sem-sem", wato iri ɗaya sak. In ka faɗa sau ɗaya kana murmushi, za a yi maka ɗan'uwan abinka. In ka maimaita ka haɗe rai, a yi maka kusa da shi. Saboda haka mu 'yan kasuwa sai mu faɗa da ƙarfi, mu bugi tebur, mu zare ido, don mu sami abin da ya yi kama da wanda muka kawo. Na ce ai wannan ba baƙon abu ba ne, haka muke yi da telolinmu in sallah ta matso.

Muka sami shagon wata mata 'yar tsamurmura mai tabarau, wadda Alhaji ke kira Lawban, wato mai shago. Malam Marek ya ciro tsohuwar rigarsa ta wasa, a ninke cikin leda, ya ajiye a kan tebur kamar mai ajiye jariri. Ba wanda ya ce a warware a duba, tunda mai abu ya san abinsa. Alhaji ya bugi tebur ya ce sem-sem. Ni ma, don kada a ce ban yi komai ba, na buga na ce sem-sem, ko zare ɗaya kada ya bambanta. Malam Marek ya ga haka ake yi, ya sunkuyo da wannan jiki nasa, ya sauke hannu a tebur har almakashi ya yi tsalle, ya ce "sem-sem" da wata murya kamar daga cikin rijiya. Matar ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta gyaɗa kai, ta ce mu dawo ana gobe zai tafi. Muka fito muna yaba wa kanmu.

A kwanakin da ke tsakani na gama nawa cinikin, na zaɓi furannin da na san matan Kano za su so, aka yi alkawarin loda kaya. Mun yi Juma'a a wani tsohon masallaci mai doguwar hasumiya, inda na ga Balarabe da Basine da Bahaushe a sahu ɗaya, na ji daɗi har cikin raina. Na kuma ɓata a hanyar dawowa, na yi ta nuna wa mutane katin otal a juye.

Ranar karɓar kaya muka je da hantsi. Lawban ta jawo buhu, ta zaro riga ta farko ta baza da alfahari. Na ga fuskar Malam Marek ta sauya. Launin kulob ɗinsu ja ne jawur, amma tasa rigar shekaru da wanki sun mayar da ita kalar ruwan goro, kuma wannan kalar ce aka yi, sak. Ya juya bayanta, lamba huɗu. Ya zaro ta biyu, lamba huɗu. Ta uku, lamba huɗu. Ya zazzage buhun gaba ɗaya a ƙasa, ƙungiya guda cur, kowa lamba huɗu. Kuma a kafaɗar hagu ta kowace riga ga wani faci shuɗi mai kusurwa huɗu, an ɗinka shi da hannu, a ɗan karkace.

Alhaji Lawali ya ce, "La ilaha illallahu. Yau ga wadda ta ji magana."

Ni dariya ce ta taso mini, na danne ta da ƙyar, don na ga Malam Marek ya zauna a kan kwali ya riƙe kai. Jirgin ƙasansa washegari da safe ne. Launi ba damuwa, tunda duk iri ɗaya ne, amma ba alƙalin wasan da zai bar mutum goma sha ɗaya su shiga fili da lamba ɗaya. Ya ce a hankali, "Shi ke nan. Na kashe kulob ɗin kakana." Wallahi sai na ji kunya ta rufe ni, na ji tausayinsa kamar ɗan'uwana.

Alhaji ya fara ɗaga murya, Lawban ta ɗaga tata ta fi shi, tana nuna samfur tana nuna mu tana bugun tebur yadda muka buga. Gaskiyarta ce, ba mu da bakin magana. Ni kuwa na ɗauki riga ɗaya ina jujjuyawa, sai na lura lambar ba bugawa aka yi ba, yanka ta aka yi da farin yadi aka ɗinka, irin na da, don haka samfurin yake. Na ce, "Alhaji, bar faɗan nan. Abin da aka ɗinka ai yana farkuwa. A samo reza."

Nan fa aiki ya tashi. Lawban ta aika aka kawo reza da farin yadi, ta zauna tana yanka sababbin lambobi, masu kekenta biyu suna jira. Mu kuma muka baje a bakin shago a kan kwalaye, ni da Alhaji Lawali da Malam Marek, kowa da riga a cinya yana farke lamba huɗu. Kun san halin mutanenmu, ba a ganin taro a wuce. Wani Alhaji ɗan Kantin Kwari ya leƙo ya ce, "Me ake rabawa?" Aka gaya masa, ya naɗe hannun riga ya zauna. Wasu 'yan Yamai biyu suka zo, wani mutumin Kumasi ya zo yana mana Hausarsa ta Zango yana cewa mu ba mu iya riƙe reza ba. Manyan 'yan kasuwa masu kwantena a teku, ga su a tsugune suna tsintar zare, Sinawa sun kewaye mu suna kallo. Alhaji Lawali ya yanke yatsa, ya ɗaure da ƙyalle, ya ce shi dai in kulob ɗin nan ya ci kofi a aiko masa da rabonsa. Malam Marek yatsunsa sun yi kauri da wannan aiki, sai muka ɗora shi a kan jera lambobi, kada a sake yin biyu iri ɗaya.

Muka yi azahar a lungun shago a kan kwali, muka dawo. Kafin la'asar ta yi sanyi an ɗinke lambobi, an jera riguna daga ɗaya har zuwa na masu jiran canji, huɗu guda ɗaya tak a cikinsu. Saura facin kafaɗa.

Lawban ta ɗauki reza ta jawo riga ta farko, ta yi wata magana da Sinanci. Wata maƙwabciyarta mai ɗan Turanci ta fassara mana. Ta ce cire facin ba wuya, yanzu za a gama, amma tana so a san ba ganganci ta yi ba. Da ta warware samfurin ta ga facin, ta gane yadin nan take: yadin kayan aikin leburorin masana'anta ne, irin wanda ubanta ya sa duk rayuwarsa. Ta ɗauka tambarin ƙungiyar ne, tunda an ce mata ta ma'aikata ce. Ta zaga kasuwa ba ta sami irinsa ba, an daina yi. Sai ta tafi unguwarsu, inda masana'antar gwamnati da ubanta ya yi wa aiki ta rufe bara aka sallami kowa, ta bi gida-gida ta karɓo tsofaffin rigunan aikinsu, har da ta uban nata, ta yanka.

Malam Marek ya sa aka maimaita masa. Sannan ya ɗauko tsohuwar rigarsa ya shafa facin da babban yatsa. Ya ce a wani wasa da garin maƙwabta aka yaga masa kafaɗa, kulob ba shi da wata rigar, sai ubansa ya cire rigar aikinsa a bakin fili, ya yanki gefenta, uwarsa ta ɗinka masa a tsaye kafin a dawo hutun rabin lokaci. A zamaninsu, in ji shi, kusan kowace riga da irin wannan facin a wani wuri, don yadin da kowane gida ke da shi ke nan.

Lawban na riƙe da reza a kan facin tana jiran a ce ta fara. Malam Marek ya miƙa wannan ƙaton hannu nasa ya rufe facin, hawaye na bin gashin bakinsa, bai ko share ba.

Ya ce, "A bar shi. Yaran da za su sa rigunan nan ba su taɓa shiga masana'antar ba, kuma ba za su shiga ba. Su fita fili da ita a kafaɗa."

Aka fassara mata. Ta cire tabarau ta goge da gefen rigarta, ta mayar, ta ajiye rezar. Sannan ta fara ninke rigunan ɗaya bayan ɗaya, facin a sama, ni da Alhaji Lawali muka riƙe mata bakin buhu.